AREWA: Mita nawa akwatin wifi ke kaiwa a cikin gini?

A cikin 'yan shekarun nan, duk wanda wata bukata ta kai shi ma'aikatun gwamnati na ƙasar Arewa, ko a Dogon Dutsi ko a Tibiri, ba zai rasa ganin wani ɗan akwati ba, fari ko baƙi, wani da ƙahoni biyu wani da huɗu, an ajiye shi bisa tebur ko an rataye shi ga bango, yana ta ƙyafta 'yan fitilu dare da rana. Shi ne akwatin wifi. Aikinsa ya karɓi intanet daga waje, ya rarraba ta ga kwamfutoci da wayoyin salula na cikin gida, ba tare da an ja igiya zuwa ga kowannensu ba.

Hanyoyin da intanet ke biyowa ta iso mana sun yawaita. Akwai zaren gilashi da aka binne a gefen babbar hanya lamba 1, wadda ta taso daga Yamai, ta ratsa Doso da Kore Mairuwa da Dogon Dutsi, ta nufi Birnin Ƙonni. Akwai dogayen ƙarafan kamfanonin salula: Airtel, Moov Africa, Zamani, da Niger Telecom wanda aka kafa a shekarar 2016 bayan an haɗe Sonitel da SahelCom. Sa'an nan tun watan Maris na 2025 kamfanin Starlink ya fara aiki a ƙasarmu, wanda farantinsa ke magana da taurarin ɗan Adam masu shawagi a nisan kilomita kamar 550 daga ƙasa. Amma duk da haka kukan ma'aikata bai sake ba: "Babu rezo." Abin mamaki, saƙon da ya sauko daga kilomita 550 lafiya lau, sau da yawa a cikin mita goma na ƙarshe yake mutuwa, watau tsakanin biron shugaba da biron sakatare.

Wannan magana ba ta wasa ba ce. Tun da aka ɗaga Tibiri ta zama gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011 (Tibirin Doso muke nufi, ba Tibirin Gobir ta jihar Maraɗi ba), ƙasar Arewa tana da gundumomi biyu da ƙananan hukumomi goma: Dogon Dutsi, Matankari, Kiyeshe, Ɗankasari, Dogon Kirya da Sukukutan a gefe ɗaya, Tibiri, Dumega, Geceme da Kore Mairuwa a ɗaya gefen. Kowace tana da ma'aikatar magajin gari, da gidajen likita, da lakkwal. Takardun haihuwa, rahoton wata na malaman asibiti, sunayen yaran da za su zauna jarrabawa, duk sun fara komawa bisa kwamfuta. In rezo bai kai ga teburin mai rubutawa ba, talakan da ya baro gonarsa tun asuba shi ke zaman jira a gindin bedi har la'asar. Kuma kuɗin da aka sayi akwatin na jama'a ne.

A jikin kwalin akwati, ko a bakin mai sayarwa, akan ji cewa yana kai mita 100. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai ba su ƙarasa maganar ba. Mita 100 ɗin nan na fili ne fetal, kamar filin Idi ko filin ƙwallo, inda babu abin da ya gitta tsakanin akwati da salula. A cikin gini lissafin dabam ne, kuma lissafi ne wanda duk wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci, ya iya tarawa da ɗebewa, zai iya yi da alƙalami a bayan ambulan.

Da farko dai mu san cewa akwatin wifi ƙaramar tashar rediyo ce. Masu sauraron gajeren zango sun san mita 25, mita 31 da mita 49. Muryar rediyo tana tafiya a iska kamar yadda igiyar ruwa ke bazuwa a tabki in an jefa dutse, kuma mitocin nan su ne tazarar da ke tsakanin igiya da igiya. A zangon FM, inda ake kama Muryar Sahel, tazarar kusan mita 3 ce. Wifi kuwa zango biyu ya fi aiki da su: na 2,4 wanda tazararsa santimita 12 ce da rabi, ko taƙi ɗaya ba ta kai ba, da na 5 wanda tasa santimita 6 ce, tsawon ɗan yatsa. Gajeriyar igiya ba ta iya kewaya bango yadda doguwa ke yi, kuma in ta ratsa shi ta fi jigata. Ban da wannan, babbar tashar rediyo da dubban wat take magana, shi kuwa akwatin wifi da kashi ɗaya cikin goma na wat guda, abin da bai kai wutar da ƙaramar tocila ke ci ba. Don haka kada a yi mamaki in rediyo na kamawa a ƙuryar ɗaki, wifi bai kama ba.

Ma'aunin ƙarfin muryar sunansa desibel. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta da akan zuba a salula mai Android, su nuna shi da lamba, da alamar ɗebewa a gabanta, da haruffan dBm a bayanta: -40, -60, -80. A ɗauki lambar nan kamar bashi. Wanda ake bi 80 ya fi wanda ake bi 40 shan wuya. Duk sa'ad da lambar ta ƙaru da 3, ƙarfin ya ragu da rabi; in ta ƙaru da 10, kashi ɗaya cikin goma ya rage. Mutumin da ya tsaya mita ɗaya daga akwati yakan ga lamba wajen -30. Masu sana'ar sun saba ɗaukar -67 a matsayin iyaka ga wanda ke son ya yi magana da hoto ko ya aika manyan takardu ba tare da yankewa ba. Daga -70 zuwa -80 ana lallaɓawa, rubutaccen saƙo yakan wuce, hoto yakan tsaya. Bayan -80 sai dai a ga suna a salula, aiki kuwa babu.

Ke nan daga -30 zuwa -67 muna da 37. Wannan shi ne guzurin da murya ke fita da shi daga akwati, kuma abu biyu ke cinye shi a hanya: nisa da bango.

Nisa yana da ƙa'ida mai sauƙi. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka biyu, sai a biya 6. A mita 2 muna -36, a mita 4 muna -42, a mita 8 muna -48, a mita 16 muna -54, a mita 32 muna -60, a mita 64 muna -66. Mai karatu ya ga inda mita 100 na jikin kwali ya samo asali: in aka ɗan ƙetare iyaka zuwa -70, an kai can. Ya kuma lura da wani abu: mita takwas na farko sun ci 18, daidai da abin da aka ci daga mita 8 har zuwa mita 64. Nisa shi kaɗai ba shi ne babban ɓarawo ba a cikin gini, tun da ba mu da biro mai tsawon mita 64.

Babban ɓarawo bango ne, domin kowane bango yana karɓar kuɗin fito, kuma ba farashi ɗaya gare su ba. Bisa ga abin da masu sana'ar suka saba lissafawa a zangon 2,4, ƙofar katako ko tagar gilashi tana karɓar kamar 3. Bangon bulon siminti da aka yi wa shafe ciki da waje, a ɗauka 10, wani ya ɗan gaza wani ya ɗan fi. Kankare mai rodi a ciki, irin na dakalin bene, 15 ne ko fiye. Ƙarfe kuwa ba ya karɓar fito, mayar da matafiyi yake yi inda ya fito, kamar yadda madubi ke mayar da haske. To, ga shi mu ƙofofinmu da tagoginmu na ma'aikata kusan duk na ƙarfe ne, saboda gara da ɓarayi, kuma kabad ɗin da ake tara takardu shi ma na ƙarfe ne, an jingina shi ga bango daga ƙasa har kusan sama.

Bari mu ɗauki misali da ginin da kowa ya sani, irin wanda aka gada tun zamanin bariki kuma har gobe ana gina irinsa: ɗakuna biyar a jere, kowane faɗinsa mita 4, ƙofofinsu duk suna kallon baranda ɗaya. A ce an ajiye akwati a ɗakin farko. Wanda ke zaune a cikinsa ba shi da kuka. A ɗaki na biyu, nisa kamar mita 6 ne, watau -46, a ƙara bango ɗaya, -56: aiki na tafiya sarai. A ɗaki na uku, mita 10 ya ba da -50, bango biyu sun ƙara 20, an kai -70: an riga an wuce iyaka, nan ne ake fara ɗaga salula sama ana neman taga. A ɗaki na huɗu, mita 14 da bango uku, -83: ya mutu. Na biyar ba a maganarsa. Akwatin da aka ce mita 100, ga shi ya ƙare a mita 10. Amma a ɗauke shi a mayar ɗakin tsakiya, ba a ƙara ko dala ba: ɗakuna uku sun samu da kyau, biyun gefe suna lallaɓawa a -70, babu wanda ya mutu ɗungum.

Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, UIT, mai mazauni a Jeneba, wadda Nijar ke cikinta, tana da wata shawara mai lamba P.1238 da ta fara fitarwa a shekarar 1997 game da tafiyar muryar rediyo a cikin gini. A nan an sauƙaƙa lissafin ga wanda ba shi da zanen gida a hannu: a cikin ginin ma'aikata, maimakon 6, a biya 9 duk ninki, an haɗa bangaye da kayan ɗaki a ciki. Da wannan ƙa'ida guzurinmu na 37 yakan ƙare a wajen mita 16. Ƙiyasi ne mai amfani ga wanda ke tsara kasafi a Yamai, yana son ya san ko akwati nawa zai rubuta. Sai dai gine-ginen da aka auna aka fitar da irin waɗannan lambobi na Turai ne da Amurka da Japan, inda yawancin bangayen cikin biro allo ne marar kauri wanda yaro ma zai iya hudawa da ƙusa. Namu ba haka suke ba, shi ya sa lissafinmu na ɗakuna biyar ya tsaya a mita 10.

Ina kuma ga ginin laka, wanda shi ne gidan akasarin mutanen Arewa, daga unguwannin Dutsi har Lugu da Bagaji? Bangon laka kauri gare shi, wani ya kai kamu guda, kuma ba duka ɗaya ba ne: ƙasar wani wuri ta fi ta wani yumɓu, wani magini ya fi wani sa ciyawa. Nan sai mai gida ya auna nasa da kansa, kuma abin ba wuya. A tsaya gab da bango ta gefen da akwati yake, a rubuta lambar da salula ta nuna. A zagaya a tsaya gab da shi ta bayansa, a rufe ƙofa, a sake rubutawa. A ɗebe ƙaramar daga babbar: abin da ya rage shi ne fiton wannan bango. Amma a yi awon sau biyu, ɗaya da rani ɗaya a watan Agusta, domin ruwa yana shanye muryar wifi, kuma bangon da ya sha ruwan damina ya fi busasshe karɓa. Darnin kara da zana kuwa ba su hana komai kirki. Mai irin wannan gida ya fi mai soro morewa a wannan fanni, ko da yake a nan kaɗai.

Zancen ruwa ya kai mu ga mutane, tun da jikin ɗan Adam fiye da rabinsa ruwa ne. Ajin da aka auna ranar Lahadi babu kowa, ba shi ne ajin da yara sittin suka cika ranar Litinin ba. Haka zauren taro, haka barandar likita ranar awon ciki. Saboda haka ne ake son a ɗaga akwati sama da kawunan jama'a, kamar mita biyu da rabi, yadda ake rataye fitila a tsakiyar rumfa don kowa ya samu haske. Randar ruwa, firji, da ganga, kada a jingina shi da su. Kada kuma a ɗora shi bisa silin, a ƙarƙashin kwano, wai don a ɓoye shi: zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa kanta ke wuce digiri 40, yakan sa ya riƙa ɗaukewa da tsakar rana.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi, na neman "akwati mai ƙarfi". Magana tsakanin akwati da salula kira ne da amsawa. In sanƙira mai babbar murya ya kira yaro daga ƙarshen unguwa, yaron zai ji shi, amma shi ba zai ji amsar yaron ba. Salula ƙaramar murya gare ta, don batirinta ƙarami ne. Sai ka ga sanduna sun cika a fuskarta, takarda kuwa ta ƙi tafiya. Ƙara wa akwati ƙahoni ba ya ƙara wa salula murya. Haka nan zangon 5, wanda masu sayarwa ke yabo saboda saurinsa: gaskiya ne ya fi sauri, amma tun a mita na farko ya fi na 2,4 biyan kamar 6 ko 7, kuma bango ya fi cin sa. Na cikin ɗaki ɗaya ne da maƙwabcinsa.

A ganinmu, abin da ya fi hana wifi kaiwa a ma'aikatunmu ba ya cikin littafin injiniya. Akwati in ya zo, biron shugaba ake kai shi, domin girmamawa, domin kuma can ne ake da makulli mai kyau. Biron shugaba kuwa galibi shi ne na ƙarshen gini, shi ne mai na'urar sanyaya ɗaki, don haka ƙofarsa ta ƙarfe kullum a rufe take. In ya tafi rangadi ko taro a Doso, ya kulle, wani lokaci ma ya kashe wutar ɗakin baki ɗaya. Masu shigar da takardu, waɗanda su ne ke bukatar intanet daga safe zuwa tashi, suna can bayan bango uku. Akwati bai san muƙami ba, bango kawai yake ƙirgawa. In tsoron sata ne, maƙeri zai iya yi masa mariƙi a bango, muddin dai bai rufe shi cikin kejin ƙarfe ba.

In gini ya fi ƙarfin akwati ɗaya, magani shi ne na biyu, a haɗa su da igiyar waya, wadda ke kai mita 100 ba tare da ta rasa komai ba, kuma bango bai dame ta ba in an huda. Akwai ƙananan na'urori da ake soka wa a jikin soket, masu karɓar murya su maimaita ta ba da igiya ba. Suna da arha, amma mai baki ɗaya ba ya saurare da magana a lokaci guda, don haka sukan raba sauri biyu. Kuma in aka sa su a ɗakin da rezo ya riga ya mutu, gawar za su maimaita. Wurinsu rabin hanya ne, inda lamba ba ta wuce -60 ba. In akwatuna biyu ko uku suna kusa da juna a zangon 2,4, a raba musu tashoshi, wannan 1, wancan 6, na uku 11, don kada su zama kamar masu wa'azi biyu a kasuwa ɗaya. Gidan likita da lakkwal, inda gine-gine ke warwatse a cikin fili, ɗakin haihuwa can, ɗakin magani can, kowane gini a lissafa shi da nasa akwati. Samarin da ke sayar da tikitin wifi a bakin tasha da kasuwa sun riga ma'aikata gane wannan: a waje suke kafa nasu, bisa dogon ƙarfe, inda yake kallon masu saye ido da ido.

Kafin a ɗora wa bango laifi, akwai gwaji ɗaya. A tsaya kusa da akwati, inda lamba ke -35, a buɗe shafi. In a nan ma ya ƙi buɗewa, to bango ba shi da hannu: ko dai kuɗin da aka zuba sun ƙare, ko layin kamfani ne ya yanke, ko kuma mutum talatin ne ke sha a rijiyar da aka gina don mutum biyar. Sandunan da ke fuskar salula labarin hanyar da ke tsakaninta da akwati kawai suke bayarwa.

Ga jami'an da ke sa hannu a takardun sayen kaya, ga abin da muke ba da shawara. Kafin a rubuta yawan akwatuna, a zana ginin a takarda, ko da zanen hannu ne, a nuna kowane bango da abin da aka gina shi da shi, da inda ƙofofin ƙarfe suke, da teburin kowane mai aiki da kwamfuta. A ari akwati ɗaya, a sa shi inda ake tunani, a zagaya ɗaki ɗaki da salula, ƙofofi a rufe kamar yadda suke a ranar aiki, a rubuta lamba a kan kowane tebur. Aikin rabin yini ne. Sa'an nan a cikin yarjejeniya da ɗan kwangila, kada a rubuta "akwati uku" kawai. A rubuta cewa a bisa kowane teburin da aka yi wa alama a zanen, lamba ba za ta wuce -67 ba. Ranar karɓar aiki, kwamitin ya sake zagayawa da salula da zanen nan a hannu, a fara da ɗakin da ya fi nisa, a sa hannu bayan an fito daga na ƙarshe. Kwafi ɗaya na zanen ya zauna a ma'aikata, domin ranar da aka ƙara bango ko aka kawo sabon kabad, a san lambar da ke wurin a da.